Zan koma Dubai da iyalina, wace inshorar lafiya zan saya?

Tambaya: Ni injiniya ne, ina zaune a Unguwar Rimi a nan Kaduna. Na samu aikin shekara biyu da wani kamfanin gine-gine a Dubai, kuma aikin zai riƙa kai ni ƙasashen gabashin Afirka. Zan tafi da maiɗakina, tana da ciki wata biyu, da yaranmu uku, ta tsakiyar sikila ce. Mahaifiyata za ta zauna a gida, tana da hawan jini, amma za ta riƙa zuwa mana. Ƙanina ma zai tafi Ingila karatu. Wanda ya yankar mana tikiti ya nuna mini wata inshora mai sauƙin kuɗi, ya ce ta duk duniya ce. In saya? In ba ita ba, wane kamfani ya fi?

Amsa: Injiniya, Allah ya sanya alheri a wannan aiki, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba yarinya lafiya. Na daɗe ina dillancin inshora a nan Kaduna, kuma fiye da rabin wahalar aikin tana wajen bin kamfanoni su biya mutanen da suka riga suka kwanta a asibiti. Saboda haka ta can zan ɓullo wa tambayarka, ta wurin da ake ƙin biya.

Takardar da masu yankan tikiti ke sayarwa kusan kullum inshorar tafiya ce. Buɗe ta ka duba, za ka tarar an rubuta iyakar kwanakin kowace tafiya, 30 ko 90 ko 180. Don baƙo aka yi ta: haɗari, ciwon da ya faɗo ba zato, ɓatan jaka, soke tashin jirgi. Da zarar likita ya ce majiyyaci zai iya hawa jirgi, sai su mayar da shi ƙasarsa, nauyinsu ya sauka ke nan. Irinta ce ofisoshin jakadancin ƙasashen Turai na yankin Shengen ke nema kafin su ba da biza, wadda dole ta kai Yuro 30,000. Mai tikiti bai yi maka ƙarya ba da ya ce ta duk duniya ce. Abin da bai faɗa ba shi ne, ba ta biyan awo, ba ta biyan haihuwa, ba ta san da sikila ba, kuma ba za a karɓe ta a madadin inshorar da ake nema don takardar zama ba. Ajiye ta, za ta yi amfani idan Hajiya ta tashi kawo muku ziyara.

Tambayar kamfani ma ajiye ta tukuna. Ƙasar da mutum zai zauna ita ke fara yanke masa hukunci. A Dubai, doka mai lamba 11 ta 2013 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa ma'aikacinsa inshorar lafiya, ba tare da ya cire kuɗin daga albashinsa ba. Mata da 'ya'ya kuwa nauyinsu yana kan wanda ya ɗauko su da bizarsa, wato kai. A Abu Dabi ba haka ba ne, can kamfani ne ke ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya uku 'yan ƙasa da shekara 18. Mutanenmu da dama sun ji labarin Abu Dabi daga bakin aboki, suka sauka Dubai da tunanin an gama da iyali, sai a wajen neman takardar zama suka gane sauran aiki. Kamfanoni masu ƙarfi sukan haɗa da iyali don kansu, amma wannan kyautatawa ce, sai an rubuta ta a takardar ɗaukar aiki take zama haƙƙi. Kuma inshorar da za a karɓa sai wadda ta cika sharuɗɗan hukumar lafiya ta Dubai, daga kamfanin da ke da lasisi a can. Ko ka sayi mafi tsada a Landan, idan ba ta da wannan rajista, a wurinsu kamar ba ka da komai.

Akwai mafi ƙarancin tsarin da doka ta yarda da shi, kuma shi ne masu neman araha ke saya wa iyali don kawai a buga biza. Iyakarsa dirhami 150,000 a shekara ga mutum ɗaya. Da yake an ɗaure dirhami da dala a kan kusan 3.67, wannan ya kama dala dubu arba'in da 'yan kai. A kunnen mutumin Kaduna kuɗi ne masu yawa. A asibitin kuɗi na Dubai, bakwaini ya yi 'yan makonni a kwalba zai iya cinye su tas. Kason haihuwa a wannan tsari ƙarami ne ƙayyadadde, kuma kai za ka biya kashi goma cikin ɗari. Ga mai gida irinka, wannan tsari rigar aro ce, ba ta rufe katara.

Yanzu ga inda zan daɗe, domin duk sauran maganar tana rataye ne a kan 'yarka.

Kamfanin inshora yana karɓar mutum ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko, su ba ka fom ka zayyana duk tarihin lafiyar kowa, likitocinsu su duba, su dawo maka da hukunci: mun karɓa yadda yake, ko mun karɓa da ƙarin kuɗi, ko mun karɓa ban da ciwo kaza, ko mun ƙi. Hanyar tana da cin rai, amma tun ranar farko ka san matsayinka. Ta biyu ita ce mai daɗin shiga: ba su tambayarka komai, sai dai su rubuta cewa duk ciwon da aka yi fama da shi a shekarun baya, galibi biyar, ba za su biya ba har sai an yi shekara biyu cur ba alamarsa, ba magani, ba ganin likita a kansa. Ka auna wannan da yarinyar da ke shan folik asid da Paludrine kowace safiya. Ranar da za ta cika shekara biyu ba magani ba za ta zo ba. Ga mai sikila, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai asma, wannan hanya ƙofa ce da aka zana a bango. Dillalai suna son ta saboda ana gama ciniki cikin minti goma.

Ta uku ita ce ta rukuni, wadda kamfani ke saya wa ma'aikatansa a dunƙule. Idan ma'aikatan suna da yawa, mai inshora kan yarda ya kau da kai daga tarihin lafiyar kowa, ya ɗauki mai lafiya da marar lafiya a farashi ɗaya. Wannan dama kuɗinka kai kaɗai ba za su saya maka ita ba. Shi ya sa nake cewa abu mafi tsada da za ka iya samo wa 'yarka yana hannun ofishin ma'aikata na kamfaninku. Tun ba ka bar Kaduna ba, rubuta musu: shin ana sa iyali a inshorar rukuni? Idan ba a sawa, za a yarda a sa su ni in biya bambancin daga albashina? Na sha ganin an amince da hakan, domin bai rage wa kamfani komai ba. Ko da za ka sadaukar da wani alawus don samun wannan, ni a wurina ciniki ne mai riba.

Dokar Dubai tana da wani sassauci da inshorar ƙasa da ƙasa ta mutum ɗaya, wato inshorar lafiya da mutum ke saya wa kansa ta bi shi ƙasashe dabam-dabam, ba ta da shi. A tsarinta, tsohon ciwo ana iya jinkirta biyansa wata shida na farkon shiga, daga nan sai a ɗauka, kuma idan ya rikiɗe ya zama na gaggawa a cikin wata shidan dole a biya. Sai dai kada ka tsaya a nan. Yarjejeniyoyi da yawa suna ware cututtukan gado da waɗanda aka haifi mutum da su a wani sashe dabam, su cire su, ko su sa musu ƙaramar iyaka. Sikila tana iya faɗawa can. Don haka kada ka tambaye su ko suna biyan tsohon ciwo, za su ce maka e. Kira ciwon da sunansa, ka tambayi abubuwan da ka san kuna yi: kwanciya idan ciwon ya tashi, ƙarin jini, haidroksiyuriya idan tana sha, gwajin jini na lokaci-lokaci, ganin likitan jini. Amsar ta zo a rubuce daga kamfanin kansa. Saƙon murya na dillali a WhatsApp ba hujja ba ne ranar da aka ƙi biya.

Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar ɓoyewa. Na taɓa bin takardun wani bawan Allah daga Tudun Wada da ke zaune a waje, wanda a fom ya amsa cewa ba shi da hawan jini, alhali ya yi shekaru yana shan magani. Shi a ganinsa tunda maganin ya riƙe jinin, ai ba ciwo. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka kai shi asibiti, likita ya tambayi matarsa magungunan da yake sha, ta faɗa, kamar yadda kowace mace mai son ran mijinta za ta faɗa. Layi ɗaya a fayil ɗin asibiti ya rusa komai. Kamfanin ya ƙi biya, ya soke yarjejeniyar tun daga tushe, har abin da bai shafi hawan jini ba. Sai da 'yan'uwa suka sayar da fili a Rigasa. Ban samu abin da zan kare shi da shi ba, domin da hannunsa ya sa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cika fom ɗin nan ranar wanka ce. Kafin ku tashi, je asibitin da ake ganin yarinyar, Barau Dikko ne ko Shika, a rubuto maka cikakken rahoto da Turanci: nau'in jininta, sau nawa ta kwanta a shekara biyun nan, sau nawa aka ƙara mata jini, me take sha. Rahoton yana taimakon mai inshora ya yanke hukunci da ilimi maimakon tsoro, kuma likitan can zai buƙace shi ko ba inshora.

Cikin maiɗakinka lissafinsa gajere ne. Inshorar ƙasa da ƙasa ta mutum ɗaya tana sa wa haihuwa wa'adin jira, yawanci wata goma zuwa sha biyu, wasu har shekara biyu. Ciki wata biyu ya riga ya wuce wannan layi, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya rage shi ne inshorar rukuni ta kamfaninku, ko ta cikin Dubai wadda za a bayyana mata cikin ta ƙara kuɗi. A bayyana shi ko da na sati uku ne, domin cikin da ba a faɗa ba ba a biyansa. Ka tambayi abu biyu da mutane ke mantawa: matsalar da kan taso a wajen haihuwa tana cikin ƙaramin kason haihuwa ne ko tana cikin babbar iyakar shekara, sannan jaririn kwana nawa yake ƙarƙashin inshorar uwa. A tsarin Dubai kwana 30 ne, kuma a cikinsu za ka yi masa tasa, ana tsakiyar hidimar suna da neman fasfo. Tunda kun haifi sikila, ku biyun kuna ɗauke da ƙwayar, don haka tambayar da ka yi a kan yayarsa ka yi ta a kansa tun bai zo ba. Idan amsoshin ba su gamsar ba, ba abin kunya ba ne ta tsaya ta haihu a Kaduna kusa da mahaifiyarta, su biyo ka bayan arba'in. Haihuwa a Dubai dai ba ta ba yaro ɗan ƙasa, balle a ce an yi asarar wani abu.

To ina amfanin inshorar ƙasa da ƙasa ke nan? A wurinka amfaninta biyu ne, kuma duka na gaske ne.

Na ɗaya tafiye-tafiyen aikinka. Inshorar cikin Dubai sau da yawa iyakarta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a waje sai gaggawa, wani lokaci ko ita babu. Injiniyan da ke wurin aikin hanya a ƙauyen Tanzaniya ko Yuganda babban abin da yake buƙata shi ne jirgin ɗaukar majiyyaci. Kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa, kuma ba ya tashi sai an ba shi tabbacin biya. Ka fahimci yadda abin yake aiki: likitan kamfanin inshora ne ke yanke hukuncin a ɗauke ka, kuma asibiti mafi kusa da zai iya aikin za a kai ka, wanda a wannan yanki yakan zama Nairobi, inda masu jirgin AMREF suke, ko Johanasbag. Mayar da kai gida ko Dubai wani sashe ne dabam, sai ka ga an rubuta shi. Idan abokan aiki suka yi gaban kansu suka ɗauko jirgi ba a kira lambar gaggawa ba, ana iya ƙin biya. Lambar nan ta kasance a wayarka, da ta direbanka, da ta maiɗakinka. Wannan nauyi ma a gaskiya na kamfanin da ya tura ka ne, ka fara tambayarsu kafin ka sa hannu a aljihu.

Na biyu shi ne ranar da aikin zai ƙare. Inshorar kamfani tana mutuwa tare da kwantiragi. Mutumin da aka gano masa ciwon ƙoda ko ciwon daji a wata na ashirin, ya dawo Kaduna a wata na ashirin da huɗu, duk kamfanin da ya tunkara zai ce masa wannan tsohon ciwo ne. Abin da ake saya da tsadar inshorar ƙasa da ƙasa shi ne ta bi ka duk inda ka koma, kuma a sabunta maka ita kowace shekara ko da ka zama mai cin kuɗinsu. Nemi wannan alkawari a rubuce. Tambayi kuma ko za ta ci gaba idan ka dawo Nijeriya da zama, domin wasu don baƙi kaɗai aka yi su, suna ba ka 'yan kwanaki ƙidayayyu a ƙasarka ta haihuwa, daga nan su yanke. Idan inshorar rukuninku tana hannun babban kamfani, tambaya ko mai barin aiki zai iya komawa tsarin mutum ɗaya ba tare da an sake tone tarihinsa ba.

Wajen rage tsada, ga inda nake yanka wa mutanena. A cire Amurka daga yankin da inshorar ta shafa, domin ita kaɗai tana ɗaga farashi sosai, kai kuma ba can za ka ba. A ɗauki kason farko mai ɗan girma, wato adadin da kai za ka fara biya a shekara kafin su karɓa, dala 500 ko 1,000 gwargwadon abin da za ka iya fitarwa cikin dare ba rance. Tunda katin Dubai yana ɗaukar zazzaɓi da mura da ganin likita na yau da kullum, ta ƙasa da ƙasa a bar ta a kan kwanciya, tiyata, ciwon daji, wankin ƙoda da jirgi. Kada miliyoyin dalolin da aka rubuta a saman takarda su ruɗe ka, sauka ƙasa ka karanta ƙananan iyakokin da aka sa wa kowane ciwo, nan gaskiyar take. Haƙori da tabarau ka biya da kanka. Sannan ka tuna kuɗin da dala ake biya, kuma yana hawa duk shekara, da tsufa da kuma tsadar magani. Yanzu da albashin dirhami ba za ka ji ba. Amma a farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Na ga mutanen da suka riƙe inshorarsu shekara da shekaru suka sake ta a wannan tsakanin, daidai lokacin da jiki ya fara neman ta. Zaɓi abin da za ka iya riƙewa ko da albashinka ya koma naira.

Idan kun zo hutun salla, kada ka ɗauka katin zai yi aiki a nan yadda yake yi a can. Asibitocin da manyan kamfanonin waje ke biya kai tsaye a Nijeriya sun fi yawa a Legas da Abuja. A Kaduna sau da yawa kai za ka biya, ka tura takardu a mayar maka. Rasit mai hatimi, rahoton likita mai sunan ciwo, takardar magani, duk ka ɗauki hotonsu tun kana asibitin, kuma akwai wa'adin turawa. Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: jiharmu ta sha shiga jerin wuraren da gwamnatin Ingila ke gargaɗin 'yan ƙasarta a kansu, kuma wasu yarjejeniyoyi, musamman na tafiya, suna jingina biyansu da irin wannan gargaɗi. Tambaye su kai tsaye, da sunan Kaduna.

Na san a zuciyarka akwai tambayar halacci ko da ba ka rubuta ba, kusan kowa sai ya yi mini ita a ƙarshen zama. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A Dubai akwai kamfanonin takaful masu tsarin lafiya, irin su Salama da Takaful Emarat, kamar yadda muke da Jaiz Takaful da Noor Takaful a gida. Inda doka ta tilasta kuma ba zaɓi, wannan fatawa ce, malaminka za ka kai wa. Ni abin da zan ce, takardar takaful ma tana da jerin abin da ba ta biya, karanta ta kamar yadda za ka karanta sauran.

Ƙaninka nasa mai sauƙi ne. Tare da kuɗin biza zai biya harajin lafiya na baƙi, wanda tun Fabrairun 2024 yake fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma da shi zai ga likita a asibitocin gwamnati na NHS kamar ɗan ƙasa. Ya yi rajista da likitan unguwa a makon farko, ya gyara haƙoransa a Kaduna kafin ya tafi. Ba ya buƙatar ƙari. Hajiya kuma inshorar ƙasa da ƙasa a shekarunta za ta yi tsada, kuma hawan jinin da ake jin tsoro shi za su fara cirewa. Yi mata rajista a nan, ta hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ko tsarin GIFSHIP na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ka ware mata asusun magani dabam. Idan za ta zo muku, a sayi ta tafiya a bayyana hawan jinin, ta taho da maganin da zai ishe ta da takardar likitanta.

Akwai sashen da ba a son karantawa, na dawo da gawa. Mu da muke gaggauta jana'iza, da yawanmu mun fi son a binne mu inda ajali ya same mu. Duba ko takardar ta yarda a biya kuɗin jana'iza a can a madadin jirgi, kuma ku yi maganar da maiɗakinka da Hajiya tun kowa yana lafiya.

Sunayen da za ka ci karo da su a wannan kasuwa su ne Bupa Global, Cigna, Allianz Care, AXA da April International, kuma manyansu suna da tsare-tsaren da aka yi wa rajista don mazauna Dubai. Ba zan ɗora ɗaya a kan sauran ba, domin wanda ya karɓi 'yar maƙwabcinka yana iya ƙin taka. Tura wa uku rahoton likitan nan guda da tambayoyin nan guda, ta hannun dillali mai lasisi a Dubai, ka nemi a duba tarihin lafiyarku gaba ɗaya, kada ka yarda da hanyar shekara biyu. Amma wannan duk mataki na biyu ne. Wasiƙar ofishin ma'aikata ita ce ta gobe da safe, kuma ka roƙe su su haɗo maka da cikakkiyar takardar yarjejeniyar rukunin, mai shafuka da yawa, ba 'yar takardar talla ba. Idan ta iso, kawo mini mu zauna a kanta, za mu fara daga shafin abubuwan da ba a biya.